Yadda "Shi" Ya Kore Ni Daga Asibiti Har Abaji

Ku matso kusa in ba ku labari, mata da maza duka, don abin ba na ɓoyo ba ne, kowa a layinmu ya san shi. Muddin ina numfashi ba zan manta da lokacin da wata 'yar kalma, wadda ba ta kai ƙwayar gero ba, ta ɗaga ni daga kan bencin asibiti a Abuja ta dire ni a Abaji ba. Saura ƙiris kuma ta sa in rasa abin da na yi gudun don in tsira da shi. Yanzu shekaru sun ja, ina ba da labarin ina dariya. A lokacin babu dariya ko kaɗan.

Ni dai ba 'yar boko ba ce, firamare ma ban ƙarasa ba. A wani ƙauye kusa da Kano aka haife ni, aure ya kawo ni Nyanya, inda maigidana yake tuƙa wani oga na ma'aikatar gwamnati. Ni kuwa 'yar zaman gida ce, kasuwar Nyanya ma sai da rakiya nake zuwa. Amma Allah ya ba ni kunne, ya kuma ba ni baki. Ina tsakar gida ina tsintar shinkafa zan ji abin da ake faɗa a gida na uku. Babban abin alfaharina kuwa Hausata. Kun san yadda Abuja take, kowa yana jin Hausa, kowa kuma da irin tasa. Maƙwabciyata za ta ce mijinta ta tafi aiki, mai kayan miya ya ce matarsa ya haihu. Ni ba na iya haɗiyewa, sai na gyara. Har suka sa mini suna malamar tsakar gida, ni kuma ina jin daɗi, ban san tsiya suke yi mini ba.

Wata rana ina wanka na ji wani ɗan dunƙule a nonona na hagu. Na yi shiru da bakina, ni da ba a san ni da shiru ba. Dalili kuwa, na taɓa ganin wata mata a gidan biki, gefen ƙirjinta ɗaya a shafe, mata suna ta nuna ta da baki suna cewa asibiti aka yanke mata. Tun daga ranar na sa a raina cewa duk wadda ta kai nononta asibiti ba za ta dawo da shi ba. Na shafa man zafi, na sha jiƙe-jiƙe, na yi ta gaya wa kaina maruru ne zai fashe. Abu kuwa sai girma yake, har ya kai lemon zaƙi. Maigida ne ya lura ina cije leɓe in na ɗaga bokiti, ya tsare ni da tambaya. Da ya gani bai yi mini faɗa ba, ya dai zauna a bakin gado ya daɗe yana kallon ƙasa. Washegari muka bi cunkoson Nyanya muka shiga gari.

Likitar da aka haɗa mu da ita mace ce, 'yar arewa, mai tabarau da babban mayafi, Hausarta tas amma tana yi tana zuba Turanci a ciki. Aka tsakuri ɗan nama da allura aka kai awo, sakamako ya fito, ciwon daji ne. Ku ji irin hankalina: ban tambaye ta ko zan rayu ba. Abin da ya fara fita daga bakina shi ne, za a yanke?

Ta ajiye alƙalaminta ta yi mini bayani. Ta ce a da in ƙari ya yi girma haka, ba a dogon zance, nonon ake cirewa gaba ɗaya, kuma har yanzu akwai matan da hakan ne kaɗai zai cece su. Amma yanzu akwai wata hanya. Za a fara ba ni magani ta ƙarin ruwa, wanda suke kira kemo, don ƙarin ya ƙanƙance. In ya ƙanƙance yadda ake so, sai a yanke cutar kaɗai a gyara sauran nonon ya zauna. Ta ce ba ta yi mini alkawari ba, sai mun ga yadda jikina ya karɓi maganin. Har wani ɗan ƙarfe kamar ƙwayar shinkafa suka saka mini a cikin ƙarin, wai ko ƙarin ya narke su san inda ya zauna. Na yi ta cewa to, to. Rabin maganar na gane, rabin kuma kunyar tabarau ta hana ni cewa a maimaita. Abin da na ƙulle a zanina dai shi ne, akwai ranar hukunci tana zuwa: ko a bar mini, ko a yanke.

Watannin kemo ba zan so wa maƙiyi ba. Gashina ya zube, kaina ya koma kamar ƙwarya, ƙanshin daddawa da nake so ya zama abin da ke sa ni amai. Wadda ta sauƙaƙa mini wahalar nan wata nas ce, Bagwariya 'yar Kwali, doguwa mai yawan dariya, kowa Sista yake ce mata. Hannunta da albarka, in jijiya ta ɓuya ita ake kira. Sai dai Hausarta, Allah ya ba mu haƙuri. A bakin Sista babu mace a duniya. Za ta leƙo ta ce mana likita ya zo, ni kuma ga allura a hannu, ga amai a maƙogwaro, sai na ɗago na ce ta zo dai. Ta yi dariya ta ce to Mama, ta ji. Gobe ma ta sake. Na riƙa kwaikwayon ta a gida ina ba maƙwabta dariya. Ku riƙe wannan, don a nan wautata take.

Da aka gama kemo aka sake ɗaukar hoton nonon, aka sa mini ranar jin sakamako. Ni kaina na san ƙarin ya ragu, da ƙyar nake laluben shi. A lokacin maigida ya yi doguwar tafiya da ogansa, don haka ni kaɗai na je, karon farko a rayuwata. Ina zaune a benci ina jiran a kira ni, sai Sista ta zo auna mini hawan jini. Tana ɗaura mini abin a hannu, fuskarta cike da fara'a, ta sunkuyo ta ce:

"Mama, likita ya ga hoton. Ya ce za a cire shi duka, ba za a bar ko kaɗan ba."

Ta dafa kafaɗata ta wuce wajen ta gaba.

Kunnen nan nawa da nake taƙama da shi ya shiga aiki. Likita kullum "cutar" take cewa, cuta kuwa ita ce. Da cutar ake nufi, da an ce za a cire ta. Shi kuma wane ne a ƙirjina in ba nono ba? Shi duka, ba za a bar ko kaɗan ba. Na zauna ina lissafin nan kamar wata alƙaliya, na yanke hukunci ni kaɗai. Har haushin Sista na ji, na ce a raina dubi yadda take washe baki tana gaya mini za a nakasa ni. Abin da ke ba ni mamaki har yau, a cikin maganar nan tata ta ce likita ya ga hoton, ya ce. Matar da na yi watanni ina yi wa dariya saboda ba ta san shi da ita ba, ranar nan na ɗauki "shi" ɗinta kamar daga bakin limami.

Ƙofar likita tana gabana, taku kaɗan ne. Da na jira a kira ni, da an wuce wurin. Sai na miƙe na ce wa ta kusa da ni zan zaga bayi. Ban tsaya ba sai tasha. Ni da ba na zuwa sayen tumatir ni kaɗai, ga ni a motar Lokoja, an matse ni tsakanin wani mai buhun albasa da wata mai goyo, na rungume ƙirjina kamar wani zai fizge. Da muka wuce Kwali ma kau da kai na yi, wai ina fushi da garin su Sista.

A Abaji yayata take aure, mijinta manomin doya ne. Na ce mata hutu na zo yi. Na ari wayarta na kira maigida na ce asibiti sun ce in je in huta, za su neme ni, sannan na kashe tawa wayar na cusa ta a ƙasan jaka. Dabarata ita ce, tunda ƙarin ya ragu, ɗan abin da ya saura jiƙo zai ƙarasa shi. In ma bai ƙarasa ba, ai gara in ƙara kwanaki da kayana a jikina. Sati ya bi sati ina cin sakwara ina shan ɗaci. Na fara jin kamar dunƙulen yana dawowa, sai na daina taɓa wurin, wai don kada in tsokane shi.

Asirina ya tonu ne wata rana da hantsi. Na ɗauka Yaya ta fita, sai na shiga ɗakinta na tsaya gaban madubi ina gwajin yadda zan koma. Na ɗaure nonon hagu tamau da ɗankwali ya shafe, na sa rigar nono, na cusa ƙullin garin kwaki a gurbin, na ɗora riga ina juyawa hagu da dama in ga ko mutane za su gane. Ƙullin kuwa ya huje, gari yana zuba ta ƙasan riga ban sani ba. Sai na ji murya a bakin ƙofa:

"Ke kuma lafiya? Tallan gari kika fara, ko awo ake yi a ƙirji yanzu?"

Na zauna a ƙasa na fashe da kuka, na gaya mata komai. Yaya ba mai yawan magana ba ce. Ta bari na gama, ta tambaye ni ko likitar ce ta faɗa mini da bakinta. Na ce a'a, amma da kunnena na ji, kuma ta san kunnena ba ya kuskure. Ta ce ta sani, tun muna yara kunnen nan yake jawo mana duka. Sai ta kira maigida, wanda ya riga ya dawo daga tafiya yana zaune yana jiran kiran asibiti. Shi kuma ya tafi wajen likita da niyyar roƙon ta ko za a sassauta. A can ya tarar su ma nema na suke, sun kira wayata har sun gaji. Washegari ya zo Abaji ya ɗauke ni. Duk tsawon hanya magana ɗaya ya yi, ya ce in adana bayanina in yi wa likita, shi ba shi da ƙarfin ji.

Da muka shiga, likita ta cire tabarau ta dube ni ta ce, Hajiya, wa ya ce miki za a cire nono? Na gyara zama na ce Sista ce. Aka kira Sista. Ta shigo tana murnar gani na, aka ce ta maimaita abin da ta gaya mini ranar nan. Ta maimaita tiryan-tiryan, za a cire shi duka.

"Shi wa?" in ji likita.

"Cutar mana. Albishir na yi mata, na ce ya ƙanƙance, za a iya cire shi duka."

Na ce, "Sista, ai cuta ita ce. Nono ne shi."

Ta riƙe haɓa ta dube ni. "Mama, ni a wajena kowa shi ne. Ke ma shi ne. Wata nawa kina gyara mini, ba ki gane ba?"

Maigida ya juya yana kallon bango, kafaɗunsa suna rawa. Ni kuwa da ƙasa za ta tsage da na shige. Sista ta ba ni haƙuri har idonta ya kawo ruwa, ta ce da ta sani da ta bar likita ta faɗa da kanta. Haƙurin nan da ta ba ni ya fi zagi ciwo, don na san wadda ta gudu.

Dariyar ba ta daɗe ba. Likita ta sa na kwanta ta duba ni, na ga fuskarta ta canza. Aka sake hoto, ya nuna ƙarin ya fara tasowa. Ta ce ana so a yi tiyata ba da jimawa ba bayan kemo, tun cutar tana kwance, ni kuma na ba ta lokaci ta farfaɗo. Yanzu muna kan iyaka. Wannan karon na ajiye kunya na ce ta yi mini bayani da Hausa zalla, yadda za a yi wa 'yar ƙauye, kuma duk inda ban gane ba zan tsayar da ita.

Ta tambaye ni yadda nake yi in na sami ruɓa a jikin doya. Na ce ina yankewa har da ɗan mai kyau na kewaye, don kada ɗaci ya bi sauran. Ta ce to haka za su yi, za su cire ƙarin tare da ɗan lafiyayyen nama ta kowane gefe, su kai awo a duba ko bakin yankan ya fita tsaf. Matsalar babban ƙari ita ce ramin da yake bari. Da na tsaya a ranar nan, ramin ƙarami ne, da naman nonon kansa za su jawo su rufe, kamar yadda ake gyara malmalar tuwo in an gutsiri gefe. Yanzu ramin ya fi ƙarfin haka, sai sun aro nama da fata daga gefen ƙirjina, ƙasan hammata, su juyo da shi da jijiyar jininsa su cike gurbin. Za su kuma cire 'yan kaluluwar hammata su auna. Sannan ta dube ni ido cikin ido ta ce, in awo ya nuna cutar ta taɓa bakin yankan, za a sake shiga, kuma mai yiwuwa a ƙarshe a cire nonon gaba ɗaya. Ta ce raina take so ta fara ceta, nono yana biye. Ta tambaye ni ko na amince. Na dubi maigida, ya ce shi matarsa yake so, ko da me ta dawo. Na ce na amince.

Ranar aikin da safe ta sa na tsaya a miƙe, ta ɗauko alƙalami ta yi ta zane a jikina, layi nan, baka can, tana ja da baya tana ƙanƙance ido kamar tela zai yanka leshi mai tsada. Na ce mata likita, a yi ɗinkin da kyau, ba ni da wani yadin. Ta yi dariya ta ce in yi addu'a.

Da na farfaɗo daga allurar barci, ƙirjina duk a naɗe yake da bandeji, hannuna ya yi nauyi, na kasa gane komai. Sista ce a kaina. Da ƙyar na buɗe baki na ce, Sista, yana nan? Baiwar Allah, tun abin da ya faru take ta koyon gyara Hausarta saboda ni. Ta tsaya ta yi tunani, ta zaɓo wadda take ganin ita ce daidai, ta ce:

"Tana nan, Mama."

Na ce a raina shi ke nan. Tana nan, wato cutar. Har na fara jin kukan yana tasowa, sai wani abu ya ce mini ke, kada ki sake. Na ce, wa ke nan, Sista, nonon ko cutar? Ta ce nonon mana, ta kama hannuna ta ɗora a kan bandejin. Na ji tudu a ƙarƙashin tafina. Na so in yi dariya, ɗinki ya hana ni.

Kwanakin jiran awon bakin yankan sun fi mini komai tsawo. A gadon da ke kusa da nawa akwai wata mata 'yar Abaji ma, wadda ita nata ƙarin ya bazu ta yadda dole aka cire gaba ɗaya. Ita ce take ba mu dariya a ɗakin, tana cewa ta huta da ɗaukar kaya, 'ya'yanta take so ta aurar. Na dube ta na tuna matar gidan bikin nan da muka yi ta nunawa da baki, na ji kunyar kaina. Har yau muna gaisawa, tana nan garau.

Awo ya fito, bakin yankan ya fita tsaf. Daga nan aka shiga gashi, wato kwanciya ƙarƙashin wani inji da ke ƙone ɓurɓushin cutar da ido ba ya gani, don likita ta ce in an bar nono to gashi dole ne, ba a tsallake shi. Na je duka, ban yi fashi ba, sannan na shiga shan ƙwayoyi da zuwa awo lokaci-lokaci. Nonona yana nan, ya ɗan fi ɗan'uwansa tauri, ya ɗan fi shi tsayuwa ma, har Yaya tana cewa a kai ɗayan a yi masa irin gyaran. Sai dai akwai dogon tabo daga gefensa zuwa wajen bayana, inda aka aro naman. Likita ta gaya mini gaskiya, da ban gudu ba da babu shi. In sanyi ya shigo yana ɗan ja na, in na ɗaga hannu zan shanya kaya sai na ji shi.

Abin da na koya shi ne, ji daban, ganewa daban. Na yi shiru lokacin da ya kamata in yi magana, ƙari ya girma. Na gudu lokacin da ya kamata in yi tambaya, ya sake girma. Duka biyun tsoron wuƙa ne ya sa, kuma duka biyun su suka ƙara matso da ni kusa da ita. Allah ne ya rufa mini asiri, ba wayona ba. Yanzu ko maganin ciwon kai aka rubuta mini sai na tambaya har mai ba da maganin ya gaji, kuma ban taɓa ganin wanda tambaya ta kwantar a asibiti ba.

To ke 'yar'uwa da kika zauna kika ji wautata har ƙarshe, kin gama dariyar, na yafe. Abin nan da kike ji a jikinki kina cewa bari a ga gobe, likita ce ta ce miki ba komai, ko ke ma ke kika yanke wa kanki hukunci?